Mai Tuɓewa Ya Sha Iska, Mai Sutura Ta Biya Tara

A cikin watan Agusta na shekarar 2016 jaridun duniya suka buga wasu hotuna da aka ɗauka a bakin tekun birnin Nice, a kudancin Faransa. Wata mata ce kwance a kan tsakuwar gaɓa, sanye da riga mai dogon hannu da wando da ɗankwali, ga 'yan sanda huɗu tsaye a kanta da bindigogi a ƙugu, jama'a kuwa sun zuba ido. A hoto na gaba sai aka ga matar ta tashi zaune tana cire rigarta ta sama. Daga baya hukumar birnin ta musa cewa tilasta mata aka yi, amma duk wanda 'yan sanda huɗu suka taɓa tsayawa a kansa ya san bambancin roƙo da umurni. A wannan rana, a bakin wannan teku dai na Bahar Rum, wanda ya yi tafiyar kilomita 300 da 'yan kai zuwa yamma zai iske wani wuri da ake kira Cap d'Agde, inda dubun-dubatar mutane, maza da mata, tsoho da yaro, suke kai da komowa tsirara haihuwar uwarsu, suna wanka, suna sayen burodi, suna shan iska. Su ma akwai 'yan sanda a wurinsu, sai dai aikin waɗannan shi ne su tabbatar ba wanda ya dame su.

Ƙasa ɗaya ke nan, tsarin mulki ɗaya, teku ɗaya, bazara ɗaya. A kan wannan ne muke son mu yi magana, kuma tun da wuri bari mu faɗa wa mai karatu inda muka dosa don kada ya ɗauke mu da abin da ba mu ce ba. Ba kira muke yi a rufe wuraren 'yan tsirara na Turai ba. Ƙasarsu ce, rairayinsu ne, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ba kuma za mu ɓoye cewa abin bai kwanta mana a rai ba, domin mu mutane ne da aka raina a kan kunya, har muna kiran asirin mutum da mutuncinsa da sunan sutura. Rigimarmu da hukumomin Faransa ce, da masu kare su, waɗanda suke kiran wannan al'ada 'yanci, alhali ƙofar 'yancin nan ta fuska ɗaya kawai take buɗewa: wanda zai rage tufa a buɗe masa har da maraba, wadda za ta ƙara kuwa a aika mata da ɗan sanda da takardar tara.

Ya kamata mu fara da sanin su wane ne waɗannan mutane, domin da yawa daga cikinmu idan suka ji labarinsu sai su ɗauka mahaukata ne ko 'yan iska kurum, kuma wanda ya raina abokin gardamarsa tun kafin ya san shi ya riga ya faɗi. Aƙidar ta samo tushe ne a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da masana'antu suka cika birane da hayaƙi, leburori suka cunkushe a ɗakunan da rana ba ta leƙawa, tarin fuka da ciwon lanƙwashewar ƙashi suka addabi yara. Wasu likitoci da malamai suka ce maganin abin shi ne rana da iska da ruwa su taɓa jiki kai tsaye. A 1903 wani mai suna Paul Zimmermann ya buɗe fili na farko don wannan manufa kusa da birnin Lübeck, a 1920 kuma aka keɓe musu gaɓa a tsibirin Sylt da yardar hukuma. Jamusawa suka raɗa wa abin suna da ake taƙaitawa da FKK, ma'anarsa al'adar sakin jiki. A cikinsu akwai irin su Adolf Koch, malamin makaranta a Berlin, wanda damuwarsa lafiyar 'ya'yan talakawa ce. Akwai kuma irin su Richard Ungewitter, wanda ya cakuɗa wa'azin tsiraici da ƙin Yahudawa da mafarkin tsarkake jinin Jamusawa. Wato tun daga tushe gari ne da tsakuwa a haɗe, kamar kowace harka ta ɗan Adam.

A Faransa kuwa, wasu likitoci biyu 'yan uwan juna, Gaston da André Durville, su ne suka kafa ƙauyen Héliopolis a tsibirin Levant a 1931. A 1950 Albert Lecocq da matarsa Christiane suka buɗe sansanin hutu na Montalivet a gaɓar Tekun Atilantika, kuma a nan ne aka kafa ƙungiyar 'yan wannan aƙida ta duniya a 1953. Da ƙungiyar ta yi taro a Agde a 1974, sai ta bayyana aƙidarta da cewa hanyar rayuwa ce mai jituwa da halitta, wadda ake zama tsirara cikin jama'a don mutum ya girmama kansa, ya girmama waninsa, ya girmama muhalli. Sunan da suke kiran abin da shi, naturisme, yana nufin komawa ga asalin halitta.

To, a nan ne muke son mu ɗan daɗe, saboda wannan da'awa ta komawa ga asali ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Wanda ya je Cap d'Agde ba daji zai iske ba. Zai iske shinge da ƙofa da masu gadi, zai nuna takardar shaida, ya biya kuɗi, a ba shi katin shiga. A ciki akwai gidajen sama na kankare, da kantuna, da gidajen abinci, da tashar ƙananan jiragen ruwa. Kusan duk inda 'yan wannan aƙida suke taruwa a duniya akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. Ba ka zama a kan kujera sai ka shimfiɗa tawul ɗinka. Ba ka ƙura wa kowa ido. Ba ka ɗaukar hoton kowa sai da izninsa. Duk wani abu da ya shafi sha'awa haramun ne a bainar jama'a, kuma ƙungiyoyinsu da dama sun daɗe suna ɗari-ɗari da namijin da ya zo shi kaɗai ba iyali. A Cap d'Agde ɗin ma, tsofaffin 'yan aƙidar sun shekara da shekaru suna kuka da wasu baƙi da suka mayar da wani sashe na wurin dandalin holewa, suna cewa sun ɓata musu suna. Mu kuwa da muka karanta waɗannan ƙa'idoji sai muka ga kamar mun san su. Kau da ido, da kame kai, da sanin iyakar wani, ai su ne muke kira kunya. Ashe ba kashe ta suka yi ba, ƙaura ta yi daga jikin wanda ake kallo ta koma idon mai kallo, sannan aka kewaye ta da shinge aka sa mata mai gadi.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne labarin tsibirin Levant. Galibin tsibirin na sojojin ruwa ne, 'yan tsirara gefe guda suka samu. A wannan gefen, akwai gaɓar da tuɓewa wajibi ce, amma shekaru da dama dokar wurin ta ce a tashar jirgi da dandalin ƙauye dole mutum ya ɗaura wani ɗan ƙyalle mai kusurwa uku da igiya, wanda suke kira le minimum, wato mafi ƙarancin abin da za a iya ɗaurawa. Jama'a, wannan ai bante ne! Bante ne tsaf, irin wanda yaran ƙauye da 'yan dambe suka sani. Bature ya yi tafiyar falsafa ta shekaru, ya rubuta littattafai, ya kafa ƙungiya ta duniya, ya zo ya tsaya a kan bante.

Ba don izgili kawai muka kawo wannan ba. Abin da yake nunawa shi ne, ko a ƙasar da ta fi kowace alfahari da wuraren tsirara, ba a taɓa sakar wa jiki mara gaba ɗaya ba. Sashe na 222-32 na dokar laifuffukan Faransa ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 15,000 ga wanda ya bayyana al'aurarsa ga jama'a ta hanyar batsa, kuma wanda ya tuɓe a inda ba a keɓe ba yana iya samun kansa a gaban alƙali. Saboda haka tsiraicin nan izni ne da hukuma ke bayarwa, a wuri kaza, daga alama kaza zuwa alama kaza. Hukuma ce ta dubi wasu tsirarun 'yan ƙasa masu wani ra'ayi na musamman game da jikinsu, ra'ayin da mafi yawan Faransawa ba sa bi, ta ce ga wurinku, ku yi yadda ranku ke so.

Ba ta tsaya ga izni ba ma, har da ɗawainiya. Garin shaƙatawa na Cap d'Agde ɗa ne na wani shiri da gwamnatin Faransa ta ƙaddamar a 1963 ƙarƙashin Pierre Racine, don mayar da fadamun sauro na gaɓar Languedoc wuraren yawon buɗe ido. A cikin wannan shiri aka gina unguwar 'yan tsirara a farkon shekarun 1970, a inda wasu manoma 'yan gidan Oltra suka riga suka buɗe sansani. A ƙarshen watan Agusta na 2017 hukumar birnin Faris ta keɓe musu fili mai faɗin murabba'in mita 7,300 a cikin dajin shaƙatawa na Vincennes, ta kafa alluna don kada mai wucewa ya yi karo da abin da bai shirya gani ba. Akwai tafkin iyo na hukuma a Faris da aka daɗe ana ware musu sa'o'i a cikinsa. A 2018 gidan nune-nunen fasaha na Palais de Tokyo ya buɗe musu ƙofa suka zaga tsirara, a 2024 kuma gidan tarihi na Mucem a Marseille ya shirya baje koli sukutum a kan tarihinsu, har da ranakun da aka ware wa masu son kallo ba tufa. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo kansa: fili na musamman, sa'o'i na musamman, ƙa'ida ta musamman, duk don biyan buƙatar 'yan tsiraru.

Yanzu sai mu juya ga ɗaya ɓangaren. Rigar iyon nan da ake kira burkini, wata 'yar Ostareliya mai asali daga Labanan, Aheda Zanetti, ita ta ƙirƙiro ta a 2004, don matan da ke son shiga ruwa ba tare da sun buɗe jiki ba. Da irin yadin da ake ɗinka sauran kayan iyo ake yin ta, tana rufe jiki da gashi, ta bar fuska da tafin hannu da ƙafa. A ƙarshen watan Yuli na 2016 magajin garin Cannes, David Lisnard, ya kafa dokar hana shiga gaɓar garin ga wanda tufarsa ba ta dace da kyawawan ɗabi'u da tsarin raba addini da mulki ba, da tarar yuro 38. Kafin wata ya zagayo, garuruwa wajen 30 sun bi sahu. A lura da kalmar da aka zaɓa: kyawawan ɗabi'u. A gaɓar da mata ke kwanciya ƙirji a buɗe tun shekarun 1960, wadda aka ce ta saɓa wa kyawawan ɗabi'u ita ce mai dogon hannu.

Adalci ya wajabta mana mu faɗi halin da ake ciki a lokacin. Ranar 14 ga Yuli na wannan shekara wani mutum ya tuƙa babbar mota cikin taron jama'a a Nice ya kashe mutum 86, cikinsu har da Musulmi da yawa. Mutane suna cikin tsoro da fushi, kuma ba mu raina baƙin cikinsu ba. Amma me ya haɗa uwar da ta kawo 'ya'yanta wanka da wannan ta'asa? An bar jaki ana dukan taiki. Kotun ƙolin da ke duba ƙararrakin da ake kai hukuma, wato Conseil d'État, ita ma haka ta gani, domin ranar 26 ga Agusta 2016 ta dakatar da dokar garin Villeneuve-Loubet, ta ce an keta 'yancin walwala da na aƙida ƙarara ba bisa ƙa'ida ba, kuma tsoron da harin ya haifar bai isa hujja ba. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya shi ma ya nemi a janye dokokin. Mun yaba wa kotun a kan wannan. Sai dai magadan gari da dama suka yi kunnen uwar shegu, har ya kai ga a 2023 kotun ta sake dakatar da irin wannan doka a garin Mandelieu-la-Napoule, shekara bakwai bayan ta riga ta yanke magana.

Hujjar raba addini da mulki ba ta da ƙafar tsayawa, domin dokar 1905 da ta kafa wannan tsari hukuma ta ɗaure, ba talaka ba. Gwamnati ce aka hana ta ɗauki addini, ba a hana ɗan ƙasa ya fita da alamar addininsa zuwa kasuwa ko bakin ruwa ba. Hujjar tsafta kuwa, a teku dai abin dariya ce, tunda masu wasan igiyar ruwa da masu nutso suna shiga da rigar roba daga wuya har idon sawu ba wanda ya ce uffan. Hujjar da ta fi nauyi ita ce wadda firayim minista na lokacin, Manuel Valls, ya kawo, cewa wannan riga alama ce ta bautar da mata. Har ya kafa misali da Marianne, hoton macen da ke wakiltar jamhuriyar Faransa, ya ce nononta a buɗe yake domin ita ke shayar da al'umma, kuma ba ta lulluɓi domin 'yantacciya ce. Mu ɗauka ma akwai matan da mazansu ko iyayensu suka matsa musu, kuma babu shakka akwai su. To, wace irin ceto ce wannan da za a ci wadda aka zalunta tara, a kunyata ta a gaban 'ya'yanta, a kore ta daga bakin ruwa ta koma cikin ɗakin da ake cewa ana son fitar da ita? Wadda kuma ta zaɓa da kanta, don imaninta ko don kunyarta ko don wani tabo da ba ta son a gani, wa ya ba magajin gari ikon shiga zuciyarta? Mutumin Cap d'Agde ba wanda ya tambaye shi ko matarsa da son ranta ta tuɓe. An ɗauka cewa baligai ne, sun san abin da suke yi.

Wannan hali na auna wayewar mutum da yawan fatar da ya nuna ko ya ɓoye tsohon ciwo ne, kuma mu 'yan Afirka mun fi kowa sanin zafinsa. Dajin Vincennes ɗin nan da aka keɓe wa 'yan tsirara fili a 2017, a gefensa na gabas aka yi baje kolin mulkin mallaka a 1907, inda aka gina ƙauyukan bogi aka zuba mutanen da aka kwaso daga Kongo da Madagaska da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, har da zangon Buzaye, don Faransawa su biya kuɗi su yi kallo. A cikin dajin dai aka yi babban baje kolin 1931, shekarar da likitocin nan biyu suke kafa ƙauyensu a tsibirin Levant. A wannan zamani katunan wasiƙa masu hotunan 'yan matan Afirka ƙirji a buɗe, irin waɗanda Edmond Fortier ya riƙa bugawa a Dakar, suna yawo gida-gida a Turai a matsayin shaidar cewa waɗannan mutane suna buƙatar a waye da su. Kafin nan akwai Sarah Baartman, 'yar Afirka ta Kudu da aka yi ta nunawa a Landan da Faris, ta mutu a 1815, masanin halittu Georges Cuvier ya feɗe gawarta, aka ajiye ƙasusuwanta da siffar jikinta a gidan tarihi ana kallo har cikin shekarun 1970, ba a mayar da ita gida aka binne ba sai a 2002. Tsiraicin baƙar fata a lokacin sunansa dabbanci, na Bature kuwa sunansa kiwon lafiya da falsafa. Da aka isa ƙasar da mata ke lulluɓi sai ma'aunin ya juye: a watan Mayu na 1958, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, aka tara mata a dandalin birnin Aljas aka yi bikin yaye musu lulluɓi a gaban jama'a, da hannun matan manyan hafsoshin sojan Faransa a cikin shirin. Wanda ba shi da tufa an ce ya saka don ya waye, mai tufa an ce ta cire don ta waye. A duka biyun mai bindiga ne ke riƙe da ma'auni.

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani, saboda haka ba za mu wuce ba mu taɓa namu ba. Mu ma mun yi wa maƙwabtanmu masu ɗaura ganye irin wannan kallo, mun kira su da sunayen da ba su dace ba, kamar dai yadin da ke jikinmu shi ne ya sa muka fi su zama mutane. A 1986, da labarin mutanen Koma na duwatsun Alantika a tsohuwar Jihar Gongola ya cika jaridun ƙasar nan, cewa aka yi an gano su, sai ka ce ba su san da kansu ba kafin mu iso, kuma abin da ya fi jan hankalin masu ɗaukar hoto shi ne jikinsu, ba rashin asibiti da hanya ba. Wannan da abin da aka yi a Vincennes uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Mun kuma san za a ce mana, ai akwai ƙasashen da ke tilasta wa mata rufe jiki, me ya sa ba mu yi magana a kansu ba? Ga maganar. Ƙasar Iran ta ɗanɗana abin ta fuska biyu: a 1936 Sarki Reza Shah ya haramta lulluɓi, 'yan sandansa suka riƙa fizge mayafi daga kan mata a titi, bayan juyin juya halin 1979 aka wajabta shi, har a watan Satumba na 2022 wata budurwa mai shekara 22, Mahsa Amini, ta mutu a hannun 'yan sandan da suka kama ta a kan ɗaurin ɗankwali. Ɗan sandan da ke fizge mayafi da wanda ke ɗora shi da kulki aikinsu ɗaya, kuma ba mu ga abin yabo a ko ɗaya ba. Bambancin kawai shi ne, Faransa ce ke yawo duniya tana koyar da darasin 'yanci, kuma idan kura na maganin zawo, ta fara yi wa kanta.

'Yan tsirara kansu sun fi kowa cancantar su gane wannan, domin su ma an farauce su. A watan Maris na 1933 Hermann Göring ya ba da umurnin murƙushe ƙungiyoyinsu a Jamus. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta hana su a 1954, jama'a suka yi ta ƙorafi har ta sassauta a 1956, daga baya ma abin ya zama ruwan dare a ƙasar. A Faransa, farautar da jandarmomi ke yi musu a bakin teku ta shahara har ta zama abin barkwanci a wani fim na Louis de Funès a 1964. Rigar iyo mai gida biyu da ake kira bikini, wadda Louis Réard ya fitar a Faris a 1946, ita ma an ci mata tara a kanta a gaɓoɓin Italiya da Sifaniya a shekarun 1950, da sunan kyawawan ɗabi'un nan dai. Takardar tarar ba ta canja ba, hannun da ake miƙa wa ne ya canja.

Kuma kada wani ya ce abubuwan biyu ba sa zama wuri ɗaya, domin Jamus, mahaifar aƙidar, ta nuna suna zama. A 2013 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta yanke cewa ɗaliba Musulma ta halarci darasin iyo tare da sauran yara, tunda tana iya saka burkini. Wato a can rigar hanyar shiga jama'a ce. A 2019 wata kotu ta dakatar da dokar da birnin Koblenz ya kafa ta hana ta. A watan Maris na 2023 hukumar tafkunan Berlin ta bayyana cewa mace na iya iyo ƙirji a buɗe kamar namiji, a tafkunan da mai burkini ma ke shiga. Har wa yau a Jamus ɗin, a 2025 birnin Rostock ya ba masu gadin gaɓa ikon korar mai tufa daga wuraren da aka keɓe wa 'yan tsirara, saboda sun yi kukan cewa idon masu tufa yana takura musu. Ba mu ga laifin wannan ba, wurinsu ne. Amma a duba yadda hukuma ta ɗauki takurar da mai tsirara ke ji da muhimmanci, har ta yi mata doka.

Sai mu dawo kan abin da muka ce mai karatu ya riƙe. Ranar 16 ga Mayu 2022 majalisar birnin Grenoble, ƙarƙashin magajin gari Éric Piolle, ta sauya ƙa'idar tafkunan iyo na birnin da ƙuri'a 29 a kan 27. Sabuwar ƙa'idar ta buɗe ƙofa ta fuska biyu a lokaci guda: mai son iyo ƙirji a buɗe ta yi, mai son rufe jiki duka ta yi. A nan an gwada ma'auni guda ga kowa. Ministan cikin gida, Gérald Darmanin, ya kira abin tsokana, ya sa wakilin gwamnati ya kai ƙara. Cikin kwana tara kotun yankin ta dakatar da sashe ɗaya na ƙa'idar, ranar 21 ga Yuni kuma Conseil d'État ta tabbatar da hukuncin. Dalilinta shi ne, tafkin iyo hidimar gwamnati ce, ba kamar gaɓar teku ba, kuma birnin ya yi togaciya ta musamman daga ƙa'idar saka matsattsun kaya don kawai ya biya buƙatar addini ta wasu 'yan tsiraru, abin da ke iya ɓata daidaito tsakanin masu amfani da wurin. Togaciya ta musamman don 'yan tsiraru! A ƙasar da ta ware murabba'in mita 7,300 a babban birninta, ta ware sa'o'i a tafkin hukuma, ta gina unguwa guda da shinge da ƙofa, duk don wasu 'yan tsirarun. Za a ce waɗancan ba addini ne ya sa su ba. To, aƙidar da ke da ƙungiya ta duniya, da bayanin manufa, da ƙa'idojin ɗa'a, da wuraren taruwa, me ya rage mata? Kuma tun yaushe buƙatar mutum ta zama abin ƙi don kawai daga imaninsa ta fito?

Sashen da ya halatta buɗe ƙirji kotu ba ta taɓa shi ba, ta bar shi yadda majalisar ta rubuta shi. Wanda aka dakatar shi ne wanda ya yarda a shiga ruwa da riga mai ɗan saki, muddin ba ta wuce tsakiyar cinya ba, wato ɗan yadin nan da ke saukowa daga ƙugun burkini don ya rufe siffar jiki. A kan wannan ƙyalle, da bai fi taƙi biyu ba, ministan cikin gida ya yi magana, wakilin gwamnati ya shigar da ƙara, alƙalan kotu biyu suka zauna.